Zangunan Hausawa a Legas da Darasin Tarihin Duniya

Unguwannin Hausawa a Legas suna da yawa, amma waɗanda suka fi suna su ne Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12 da Alaba Rago. Agege ce babbarsu. Tana arewacin birnin, a bakin layin dogon da ya tashi daga Iddo ya nufi Kano. Asalin ƙasar ta Awori ce, wani reshe na Yarabawa, kuma suna da sarakunansu na gargajiya har yau. Sai dai a tsakiyar garin, wajejen Zango da Isale Oja da kewayen tashar jirgi, akwai gidajen Hausawa waɗanda kakanninsu ma a nan aka haife su, yaransu na juya harshe daga Hausa zuwa Yarabanci a cikin zance guda. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kusan dubu 460 a ƙaramar hukumar Agege, yau kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba.

Ba kasafai ake jin sunayen waɗannan unguwanni a rediyo ba sai wani abu ya faru: an rufe kasuwa, an kwashe babura, kwandon tumatir ya yi tashin gwauron zabo, an garƙame iyakar Nijar, ko faɗa ya kaure tsakanin maƙwabta. Irin wannan labari kan zo a guntule, ba a faɗin inda ya samo tushe. Alhali kusan kowane ɗayansu yana da saiwa a wani babi na tarihin da ake koyarwa a babbar sakandare, daga fataucin dogon zango da cinikin bayi ta teku zuwa mulkin mallaka, yaƙe-yaƙen duniya da shata iyakokin ƙasashe. An shafe shekaru babu tarihi a jerin darussan firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi. Malamin da ke neman misalin da zai kama hankalin ɗalibansa zai same shi a zangunan Legas, in ya bi tarihinsu daki-daki.

Goro ne ya fara ɗaure Hausawa da kurmi. Itacen ba ya yi a ƙasar Hausa, amma babu suna, ɗaurin aure ko gaisuwar manya da ke cika ba tare da shi ba. Rubutaccen tarihin sarakunan Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 18 da na 19 fataucin ya kai ƙololuwarsa. Goron da ake so, mai jure doguwar tafiya, a dazuzzukan Asante yake, cikin ƙasar Ghana ta yau, kuma a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja ake haɗuwa da masu shi. Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari su suka shahara da wannan hanya. Ayari kan tashi a ƙarƙashin madugu, jakuna ɗauke da kanwa, rinannun tufafi, fatu da gabu, kuma zuwa da dawowa kan cinye wata shida har shekara. Goro kaya ne mai shagwaɓa. Ana jera shi a huhu, a naɗe da ganye mai faɗi, kuma dole a riƙa kwance huhun a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta taɓa, domin ɗaya in ya lalace sai ya ja na kusa da shi.

Duk inda ayari ya saba yada zango, wasu kan zauna. Daga nan tsarin da har yau ke riƙe da kasuwannin Hausawa a Legas ya samo asali. Mai gida shi ke saukar da baƙon falke, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa idan an sayar da kayan bashi. Dillali na da la'adarsa. Malami na rubuta wasiƙa, ya riƙe lissafi, ya raba gardama. Sarkin zango kuma na tsakanin baƙi da masu gari. A zamanin da babu banki, babu kuma kotun da hukuncinta zai kai daga Salaga zuwa Kano, abin da ya maye gurbinsu shi ne harshe ɗaya, addini ɗaya, da sanin cewa wanda ya ci amana a zango guda labarinsa zai riga shi isa na gaba. Masana sun ga irin wannan tsari wurin Armeniyawa a Farisa da Indiya, da Larabawan Hadramaut a gaɓar Tekun Indiya, da mutanen Gadamus da suka zauna a birnin Kano. Binciken da Abner Cohen ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan, wanda ya fito a 1969, na cikin ayyukan da aka gina wannan fahimta a kansu, har Philip Curtin ya kawo misalin Hausawa a littafinsa na 1984 kan cinikayya tsakanin al'ummu a tarihin duniya. Da zangon Hausawa aka yi wa masu karatu bayanin fataken wasu nahiyoyi, abin da ya kamata kowane ɗalibi Bahaushe ya sani.

Sai dai Hausawan da suka fara taruwa da yawa a Ikko, wato Legas, ba da ayari suka zo ba. Yaƙe-yaƙen jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, da rushewar daular Oyo da ta biyo baya, sun jefa dubban mutane cikin bauta, aka riƙa miƙa su hannu zuwa hannu har bakin teku. Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, amma a shekarun da suka biyo ne Ikko ta zama babbar tashar lodin bayi a wannan gaɓa, yawancinsu zuwa Bahiya a ƙasar Barazil. Hausawan da aka kai can ba su miƙa wuya ba. Su ne kan gaba a yunƙurin tawaye na 1807 da boren 1809 da na 1814, kuma akwai su cikin Musulmin da suka tayar da babban bore a birnin Salvador a watan Janairun 1835, ko da yake Yarabawa suka fi yawa a wannan karon. An samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan boren an koro wasu, wasu kuma suka fanshi kansu suka dawo gaɓar Afirka ta Yamma, kuma unguwar Popo Aguda a tsibirin Legas ta irin waɗannan masu dawowa ce. Waɗanda ba a loda a jirgi ba suka ci gaba da bauta a gidajen attajiran Ikko da gonakinsu.

A 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko suka ɗora Akitoye, da hujjar kawar da cinikin bayi. A 1861 aka sa ɗansa Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garin. Hujjar gaskiya ce, amma akwai wata a bayanta: masana'antun Ingila na buƙatar manja don sabulu da kyandir da man shafa wa injuna, kuma wanda ya riƙe Ikko ya riƙe bakin hanya. Sabuwar gwamnatin ta nemi masu bindiga waɗanda ba su da dangi a gari. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya haɗa 'yar ƙaramar runduna daga bayin da suka gudo, galibinsu masu jin Hausa, har aka riƙa kiranta Hausawan Glover. Rundunar Sojan Najeriya daga wannan shekara take lissafin kafuwarta. Da yawa cikin dakarun 'yan wasu ƙabilun Arewa ne, amma mutanen gaɓa duk Hausawa suke ce musu, kuma wannan tsohuwar al'ada ta kiran duk wanda ya fito daga ƙetaren Kwara Bahaushe har yau tana rikita rahotanni. Ɗaukar soja daga wata al'umma a mulki wata da su dabara ce da Ingila ta yi a Indiya da Gurka da mabiya Sikh, Faransa kuma ta yi da dakarun da ta kira 'yan Senegal. Illarta ɗaya ce ko'ina, domin masu gari kan haɗa fuskar baƙon da zafin mai mulki. Dakarun Hausa na cikin rundunar da ta ci Ijebu a 1892.

Kafin wannan, tsakanin 1873 da 1874, Glover ya tafi da su yaƙin Asante, wanda ya ƙare da ƙona Kumasi. Yaƙin ya taɓa goro kai tsaye. Ikon Asante a kan Salaga ya karye, hanyoyin arewa suka rikice, sannan yaƙin basasar da ya ci Salaga a 1892 ya watsa fatakenta. A lokacin jirgin ruwa mai tururi ya riga ya saba zirga-zirga a gaɓar, sai fatake suka koma loda huhunan goro a tashoshin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, su sauke a Ikko. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji da aka haifa a 1877, na cikin waɗanda suka yi arzikinsu na farko ta wannan hanya.

Layin dogo ya ƙarasa sauyin. An fara shimfiɗa shi daga Ikko a ƙarshen shekarun 1890, ya isa Ibadan a 1901, a 1912 kuma aka haɗe shi da layin Kano, shekara tara bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato. Tafiyar da jaki ke yi wata da watanni ta koma 'yan kwanaki. Turawa sun sa ran auduga za su kwasa don masaƙun Lankasha, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, wadda Turai ke nema don man girki da sabulu. Gyaɗa ta riƙa gangarawa bakin ruwa, goro na hawa zuwa Kano, kuma a 1914 aka haɗe Arewa da Kudu, Legas ta zama hedikwata. Ɗantata ya koma Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa har rasuwarsa a 1955. Matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a watan Mayun 2023 ta tattaɓa-kunnensa ce, Aliko Ɗangote, don haka labarin matatar na da alaƙa ta jini da fataucin goron Gwanja.

A nan Agege ta shigo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wasu 'yan kasuwar Legas da ciniki ya juya wa baya, kamfanonin Turawa kuma suka danne, suka koma noma a Agege da Ifako. J. K. Coker ne fitaccensu, kuma a 1907 suka kafa ƙungiyar manoman Agege. Koko suka fara shukawa. Ƙasar ba ta riƙe shi da kyau ba, farashinsa kuma ya faɗi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai manoman Agege da Ota da Ifo suka karkata ga irin goron Gwanja, wanda ya bambanta da na gargajiyar Yarabawa. Ga gona, ga tasha, ga masu saye a Kano. Tarihin baka na tsofaffin gidajen Zango na cewa kakanninsu sun riga jirgi zuwa, amma babu shakka goro da reluwe ne suka mai da ƙaramin masauki gari. Aikin a rabe yake. Matan Yarabawa ke bin ƙauyuka su sayo goro, su ɓare, su jiƙa, su cire ɓawo su kawo. Bahaushe na zaune a rumfa yana tantancewa, manya gefe guda ƙanana gefe guda, fari daban ja daban, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, a ɗaure huhu, 'yan dako su kai tasha. Kowane ɓangare ya san ba shi da ciniki in babu ɗayan. Zuwa shekarun 1930 goron gida ya rage buƙatar na Gwalkwas ƙwarai. Daga baya gine-gine suka cinye gonakin Agege, ƙarfin kasuwar ya koma Shagamu da garuruwan da ke gabas da ita, amma mutanen suka zauna.

Jirgin da ya tafi da goro, da shanu yake dawowa. Ƙudan tsando ya hana kiwon manyan shanu a kurmi, kuma dabbar da aka koro da ƙafa kan iso a rame ko sammore ya kama ta. Dole a sayar da ita da wuri, mahaucin da zai saya kuwa sau da yawa ba shi da kuɗi sai ya sayar da nama. Nan ma mai gida ne ke tsayawa, domin shi ya san wane mahauci ke biya, wane ke da taurin bashi. Mayankar Oko-Oba a Agege, wadda ita ce babba a jihar, da kasuwar Kara a bakin hanyar Ibadan, da Alaba Rago inda ake cikar kwari gab da Babbar Sallah, duk a kan wannan amana suke tafiya, ko da yake tirela ta karɓe aikin jirgi tun shekarun 1970 da 1980, waya da tura kuɗi ta banki kuma sun rage wa mai gida wasu ayyukan.

Turawa sun tarar da sarautar zango suka riƙe ta, don ta dace da salonsu na mulki ta hannun sarakuna: a ware baƙi a unguwa guda, a ba su shugaba, a tambaye shi haraji da masu laifi. A 1916 aka keɓe Sabo a Ibadan, a Arewa kuma aka yi wa 'yan Kudu Sabon Gari. Tsarin ya ba baƙi bakin magana, amma ya maƙala wa mutum sunan baƙo har jikokinsa. Yau ma in rikici ya taso a Agege ko Idi-Araba, Sarkin Hausawa ne gwamnati da 'yan sanda ke fara nema.

Obalende kuwa tarihinta na soja ne, don dakaru da iyalansu na cikin waɗanda suka fara zama a can. Rundunar da ta tsiro daga Hausawan Glover ta yi yaƙi a Kamaru da Afirka ta Gabas a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta je Habasha da Bama a na Biyu, kuma Hausa ce harshen bariki na tsawon shekaru. Barikin Dodan da ke gefen unguwar shi ne fadar mulkin soja har aka koma Abuja a watan Disambar 1991, kuma a kan hanyar zuwa can aka harbe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976.

Siyasar neman 'yanci ta kawo sabon nauyi a kan zango. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin samun mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ce sai lokacin da ya dace, jama'a suka yi musu ihu a titunan Legas, a watan Mayu kuma tarzoma ta ɓarke a Kano. Tun daga nan aka ga salon da ya yi ta maimaituwa: abin da ya faru a wannan ƙarshen layin dogo, a wancan ƙarshen ake biyan bashinsa. Agege a lokacin tana Jihar Yamma, sai da aka ƙirƙiro Jihar Legas a 1967 ta shigo cikinta. Duk da haka zaman lafiya ya fi rikici tsawo, kuma addini ya taimaka. Makarantar Markaz, wadda Shehu Adam Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 ya dawo da ita Agege bayan 'yan shekaru, ta mai da garin cibiyar karatun Larabci, ga sahu ɗaya a masallaci, ga auratayya tsakanin gidajen Hausawa da na Yarabawa.

Babban ayarin baƙi na gaba fari ne ya koro shi. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙarar da dabbobin Sahel, ya kuma zo daidai da tashin farashin man fetur bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973. Legas ta cika da kuɗi da gine-gine, karkarar Arewa da ta Nijar ta cika da yunwa. Buzaye, Zabarmawa da Hausawan Maraɗi, Tawa da Damagaram suka gangaro gadi, ga-ruwa, dako da sayar da shayi. Cin rani tsohuwar al'ada ce, amma daga lokacin da yawa ba su ƙara komawa da damina ba. A shekarun ne kuma madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974, ta buɗe noman rani a Kadawa da Kura, kayan gwari suka fara kwarara kudu, kasuwar Mile 12 ta zama matattararsu: tumatir da attaruhu daga Kano, Katsina, Kaduna da Filato, albasa daga Aliero da Sakkwato, har da ta Galmi a Nijar. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira ya haɓaka sana'ar canji, Hausawa suka shige ta da irin amanar zango, inda miliyoyi ke sauya hannu a kan magana ɗaya.

Shekaru mafi muni sun biyo bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. A 1994 aka kafa ƙungiyar OPC ta Yarabawa, kuma da mulkin farar hula ya dawo, fushin da aka tara wa sojoji ya sauka a kan talakan zango wanda bai soke zaɓen kowa ba. A Yulin 1999 aka yi rikicin Shagamu, aka yi ramuwa a Kano kan Yarabawan da su ma ba su san hawa ba balle sauka. A Nuwamban wannan shekara aka gwabza a Ketu kan shugabancin kasuwar Mile 12, gomman rayuka suka salwanta, har Shugaba Obasanjo ya ba da umarnin harbi. An sake yi a wasu unguwannin Legas a Oktoban 2000, sai Idi-Araba a Fabrairun 2002, kwanaki kaɗan bayan fashewar bama-bamai a barikin Ikeja, sannan Mile 12 a watan Maris na 2016, lokacin da Gwamna Ambode ya rufe kasuwar. Kusan kullum ƙaramin abu ke kunna wutar, amma a ƙarƙashinsa akwai tambayar wa zai karɓi kuɗin kasuwa, wa zai shugabanci ƙungiya, da tarin matasa marasa aikin yi. Tarihin duniya ya san wannan cuta. Idi Amin ya kori Indiyawan Uganda a 1972. Gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Ghana a 1969, zangunan Kumasi da Accra suka girgiza. Najeriya ma ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya a 1983, galibinsu 'yan Ghana. Idan tattalin arziki ya matse, baƙon da ake gani a rumfar kasuwa ake fara nuna wa yatsa, kuma babu al'ummar da hannunta ya fita tsaf daga wannan laifi.

Bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu, aka riƙa tare tireloli a wajejen Jebba. Cikin 'yan kwanaki farashi ya tashi a Mile 12, a Kano kuwa tumatir ya riƙa ruɓewa a kwando babu mai saye, kuma a farkon Maris aka janye. Ɗalibin da ya karanta takunkumin man fetur na 1973 zai gane abin da ya faru, zai kuma ga bambancin: fetur na iya jira a ƙarƙashin ƙasa, tumatir ba ya jira, shi ya sa mai ƙauracewar ya ji jiki daidai da wanda aka ƙaurace wa.

Batun acaɓa babin ƙaura ne daga karkara zuwa birni. Gwamnatin Legas ta taƙaita shi a Fabrairun 2020, ta kuma haramta shi a ƙananan hukumomi shida daga Yunin 2022, ana kama babura ana murƙushe su. Hujjarta ta haɗurra da aikata laifi tana da tushe. Haka nan gaskiya ne cewa da yawa daga masu baburan 'yan Borno, Yobe da Adamawa ne da rikicin Boko Haram ya raba da gonakinsu tun 2009, sai na Zamfara, Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa. Dokar ta rage babura a manyan tituna, amma ba ta mayar da kowa gona ba.

Iyakar Najeriya da Nijar kuwa Ingila da Faransa suka shata ta, a jerin yarjejeniyoyi daga 1890 zuwa 1906, aka bar Maraɗi da Damagaram a hannun Faransa, Katsina da Daura da Kano a hannun Ingila. A Legas aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ECOWAS ranar 28 ga Mayun 1975, kuma ƙa'idar 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90. Wannan ya halatta a takarda abin da fatake suka daɗe suna yi da ƙafa. An rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har watan Maris na 2024, sannan a 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ta tabbata, ko da yake ECOWAS ta ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da kafin a cim ma sabuwar matsaya. Ga mai gadi ɗan Tawa a Ikoyi ko dillalin raguna a Alaba Rago, wannan magana ce ta takardar zama da farashin kaya.

Tambayar da ta rage ita ce ta zama ɗan ƙasa, wadda kowace ƙasa mai ƙabilu da yawa ta yi fama da ita. Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambancin ƙabila ko wurin asali a sashe na 42, ya ba shi ikon mallakar ƙasa da gida ko'ina a sashe na 43. Amma a wajen ɗaukar aikin gwamnati, gurbin karatu da tallafinsa, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ake tambaya. An samu ci gaba, domin Hausawan Agege na jefa ƙuri'a kuma 'yan siyasa na neman su, har Gwamna Sanwo-Olu ya naɗa Kabiru Ahmed Abdullahi, daga al'ummar Arewa mazauna jihar, kwamishina. Naɗi irin wannan alheri ne na gwamna mai ci, wanda wani na iya zuwa ya ƙi yi. Har yanzu akwai wanda aka haifi kakansa a Zangon Agege amma sai ya nemi takardar asali daga wani ƙauye a Kano ko Katsina da bai taɓa kwana a cikinsa ba, kuma halin da Bayaraben da aka haifi kakansa a Sabon Garin Kano yake ciki ke nan. Gyaran wannan yana hannun Majalisar Tarayya, kuma ya wajaba ta ɗora haƙƙin ɗan ƙasa a kan inda aka haife shi yake zaune yana biyan haraji.